Maudu'in Mako: Foldar Da Ke Hannunka Ita Ce Asali, Ta Kan Sabar Kwafi Ce

 

Maudu'in yau zai yi wa wasunmu kama da zancen masu gyaran kwamfuta, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Na lura kwanakin nan da yawa daga cikinmu sun gaji da yawo da littafi daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, sun fara buɗe shafin kansu a intanet. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai wani ƙaramin aiki da kusan kowa ke tsallakewa saboda ɗoki, kuma shi ne yake dawowa ya ci mutum daga baya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk marubucin da ya buɗe shafi, ya kamata ya kasance yana da folda guda a kwamfutarsa ko wayarsa wadda ta yi daidai da abin da ke kan sabar, suna da suna, ɗaki da ɗaki. A wannan foldar zai riƙa yin kowane gyara, daga nan ya ɗora. Ita ce asali. Abin da duniya ke gani a intanet kwafinta ne kawai.

Ga wanda bai san sabar ba, kwamfuta ce kamar kowace, tana can a wani gini mai nisa, ba a kashe ta dare da rana. Idan ka biya kuɗin fili don shafinka, ɗaki ka kama haya a cikinta. A yawancin kamfanonin da ke ba da irin wannan haya, ɗakin da jama'a ke iya leƙawa sunansa public_html, wasu kuma www ko htdocs. Duk abin da ka saka a ciki ya fito fili. Fayil mai suna index.html ko index.php shi ne zaure, shi baƙo ke fara gani idan ya rubuta adireshinka.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don kada a ce daga littafi na karanto.

Lokacin da na buɗe nawa shafin, babu wani tsari da na bi. Babi na ɗaya yana kan fuskar kwamfuta, na biyu yana cikin foldar da abubuwan da na sauke ke taruwa, bangon littafin yana waya, wasu babukan kuma na tura wa kaina ta WhatsApp. Duk wanda na gama sai in lalubo shi in jefa kan sabar. Wani dare ina karanta babi na 14 a shafin, sai na ga ƙarshensa bai yi min ba. Maimakon in koma kwamfuta, sai na buɗe fayil ɗin a can kan sabar na gyara. Abin ya yi min daɗi, na kwana uku ina yi, na sauya tattaunawar uwa da 'yarta gaba ɗaya. Ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan gyaran ba a littafin.

Bayan kamar wata biyu na ƙara sababbin babuka, na tattara komai daga kwamfuta na ɗora a lokaci guda. Manhajar ta tambaye ni ko ta maye gurbin fayilolin da ke can, na danna eh ban ko karanta ba. Washegari wata mai karatu ta turo min saƙo: "Anti, babi na 14 fa ya koma irin na da, ko ke kika mayar?" Tsohon da ke kwamfutata ya hau kan sabon da ke sabar ya danne shi. Na tuntuɓi kamfanin da nake haya a wurinsu, suka ce kwafin ajiyar da suke da shi bai kai wancan lokacin ba. Na sake rubuta wurin daga abin da na iya tunawa, amma har yau na san bai koma yadda yake ba.

Ba laifin kamfanin ba ne, ba na manhajar ba ne. Na bar littafi ɗaya yana da asali biyu, ni kaina ban san wanne ne na gaskiya ba.

To me ya sa sai foldar gida ta yi kama da ta sabar?

Dalili na farko yana cikin yadda shafin intanet ke aiki. Idan ka saka hoto a takardar Word, hoton yana shigewa cikin takardar, duk inda ka kai ta yana biye. Shafin intanet ba haka yake ba. Kwatance kawai yake riƙe da shi, kamar a ce: shiga foldar hotuna, ka ɗauko bango.jpg. Idan a gida hoton yana wani lungu dabam, a kan sabar kuma ka jefa shi wani wurin, kwatancen ya ɓace. Mai karatu zai ga ɗan akwati fanko a inda bangon littafinka ya kamata ya fito, ko ya danna babi na gaba ya ci karo da lambar nan 404, wadda ma'anarta an zo ba a sami abin da ake nema ba. Mafi muni shi ne kwatancen da ya fara da harafin C da ɗigo biyu, wato yana nuni zuwa cikin kwamfutarka. A wurinka komai zai buɗe lafiya lau, saboda hoton yana nan. A wurin kowa a duniya ba zai buɗe ba. Sai ka yi ta rantsuwa cewa shafin yana aiki, masu karatu suna rantsuwa cewa ba ya yi, kuma duk gaskiya kuke faɗa.

Idan tsarin biyu ya zama ɗaya, wannan rigimar ta ƙare. Abin da ya buɗe a gida zai buɗe a can.

Dalili na biyu shi ne gidan haya ba naka ba ne. Da yawa a cikinmu mun tuna OkadaBooks, inda marubutan Hausa suka sayar da littattafai na shekaru, aka rufe shi a ƙarshen watan Nuwamba na 2023. A 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen ƙaura daga wata sabar zuwa wata, kimanin waƙoƙi miliyan 50. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabar na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar da ba ta dawowa. Waɗannan ba ƙananan wurare ba ne. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kai da ke biyan haya shekara-shekara, ko mantuwa ka yi ba ka sabunta ba, ana iya share ɗakin. Wanda ke da cikakkiyar folda a hannunsa, ya kama sabon ɗaki ya juye kayansa cikin awa guda. Wanda ba shi da ita sai ya koma roƙon masu karatu ko akwai wanda ya adana babi na 30.

Yanzu ga yadda nake ganin ya kamata a tsara.

Ka buɗe babbar folda ɗaya, a cikinta ka yi biyu. Ta farko ka kira ta shafi, ta biyu ka kira ta aiki. Foldar shafi ita ce tagwayen public_html: duk abin da ke cikinta yana kan sabar, duk abin da ke kan sabar yana cikinta. A ciki za a sami index.html, sai foldar hotuna, sai foldar littattafai. A cikin littattafai kowane littafi da ɗakinsa, a ɗakin kuma bangonsa da babukansa. Idan kana rubuta gajerun labarai ko waƙoƙi, su ma kowanne da foldarsa. Kada ka zurfafa da yawa, hawa uku ya isa. Folda cikin folda cikin folda har bakwai, kai ma sai ka ɓace a gidanka.

Foldar aiki kuwa ba ta taɓa hawa sabar. Nan ne ɗakin girki: daftarin farko, takardun Word, babban hoton bango da mai zane ya turo, jerin sunayen taurari da shekarunsu, yarjejeniya da mai ɗab'i, lissafin kuɗi. Baƙo ba ya shiga nan.

Wannan rabuwar ta fi muhimmanci ga masu littafin kuɗi. Kullum muna kukan an fitar mana da littafi, muna Allah ya isa ga wadda ta saya ta yaɗa. Gaskiya ne ana yi. Amma wani lokacin mu muke barin ƙofa a buɗe. Idan ka ajiye cikakken littafinka na PDF a cikin public_html, duk wanda ya san adireshin ko ya canka daidai zai sauke shi, ko da ba ka saka mahaɗinsa a ko'ina ba. A wasu sabobin ma, idan folda ba ta da fayil ɗin index, mai ziyara zai ga jerin duk abin da ke ciki kamar kayan da aka baza a tire. Google kuma yana iya tsintar fayil ɗin ya nuna wa mai bincike. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Littafin sayarwa ya zauna a foldar aiki, ko a wurin da aka kulle da kalmar sirri. Abin da ka yarda kowa ya karanta kyauta shi kaɗai ke shiga foldar shafi.

Sai batun suna, wanda a nan ne Hausarmu ke da nata ƙalubalen.

Kun san ni da faɗa a kan ƙugiya. A cikin rubutu ba na yafe wa wanda ya rubuta kasa yana nufin ƙasa, ko ya rubuta dan yana nufin ɗan. Amma a sunan fayil ina roƙonku ku ajiye ƙugiya. Adireshin intanet yana juya duk harafin da ba na boko na asali ba zuwa lambobi. Harafin ƙ yana komawa %C6%99, don haka fayil mai suna ƙauna zai iya bayyana a matsayin %C6%99auna idan aka kwafi adireshin aka tura wa wani. Tazara tsakanin kalmomi tana komawa %20. Alamar da muke sawa a 'ya da 'yan ita ma tana da rigima, domin waya takan lanƙwasa ta, kwamfuta ta miƙar da ita, sabar kuma tana ɗaukarsu haruffa biyu mabambanta. Sakamakon shi ne dogon mahaɗi mai muni wanda wani lokacin yake yankewa a tsakiya idan aka tura shi a saƙo. Sunan fayil lambar ɗaki ce kawai. Ka rubuta kauna a can, ka rubuta Ƙauna da cikakkiyar ƙugiyarta a kan shafin inda mai karatu zai gani.

Ƙa'idar da nake bi guda huɗu ce. Ƙananan haruffa zalla. Babu tazara, sai ƙaramin layi tsakanin kalmomi. Babu ƙugiya ko wata alama. Lamba kuma da sifili a gaba.

Ta farkon tana da dalili mai ƙarfi. Windows ba ta bambanta Bango.jpg da bango.jpg, duk ɗaya ne a wurinta. Yawancin sabobin intanet kuwa Linux suke amfani da shi, shi kuma a wurinsa fayiloli biyu ne dabam. Hoto zai buɗe a kwamfutarka, ka ɗora ya ƙi buɗewa, ka kwana kana neman dalili, alhali harafi ɗaya ne babba. Wasu kyamarori ma da manyan haruffa suke rubuta JPG a ƙarshen sunan hoto, sai a lura.

Ta ƙarshen kuma don jeri ne. Manhajoji da yawa suna jera suna harafi bayan harafi, sai ka ga babi-10 ya zo kafin babi-2. Tunda littattafanmu na intanet sukan haura shafi ɗari, ka fara da babi-001, babi-002, haka har ƙarshe. Idan kwanan wata za ka saka, fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-15, komai zai jeru da kansa. Ku kuma rabu da sunaye irin su na-karshe, na-karshe-gyararre, na-karshe-na-gaskiya. Dukkanmu mun yi, kuma babu wanda ya taɓa gane wanne ne na ƙarshen bayan wata shida.

Idan suna ya hau sabar, mutane sun fara rarraba mahaɗin, kada ka sauya shi. Duk wanda ya adana tsohon adireshin zai tarar da 404. Shi ya sa ake yin tunanin suna tun kafin a ɗora.

Wajen ɗorawa, manhajoji irin su FileZilla da WinSCP kyauta ne, kuma an gina su ne a kan wannan tunanin. Allon yana rabuwa biyu, hagu kwamfutarka, dama sabar. FileZilla tana da maɓallin da ke ɗaure ɓangarorin biyu, idan ka shiga foldar hotuna a hagu, dama ma ta shiga tata. Wannan ba ya yiwuwa sai sunayen foldodin sun zama ɗaya. Tana da wani maɓallin da ke kwatanta su da launi: rawaya ga fayil ɗin da ke gefe ɗaya kawai, kore ga wanda ya fi sabunta, ja ga waɗanda girmansu ya bambanta. Da na san wannan a lokacin, da babi na 14 ya haska min kafin in danne shi. Akwai kuma ribar data, domin abin da ya sauya kaɗai za ka ɗora maimakon ka sake tura komai. Idan kamfaninka ya ba da zaɓi tsakanin FTP da SFTP, ɗauki na biyun, saboda tsohon FTP yana aika kalmar sirrinka a fili ba tare da ɓoyewa ba.

Dokar da ta fi duk waɗannan ita ce hanya ɗaya. Gyara a gida, ɗorawa zuwa can. Ko waƙafi ɗaya ne, a gida za a gyara. Idan larura ta sa ka taɓa wani abu a kan sabar, ka sauke shi zuwa foldar gida a wannan zaman, kafin ka tashi. Kuma ka yi hattara da zaɓin da ke cewa a share duk abin da babu shi a ɗaya gefen. Yana da amfani wajen tsafta, amma idan ka juya alƙiblar bisa kuskure, gidan da babu komai zai share gidan da ke cike.

Na san akwai masu ja, kuma suna da hujja.

Wata za ta ce, ni da waya nake rubutu, ban da kwamfuta. Haka yawancinmu muke. Amma wayar Android tana da manhajar fayiloli da ke buɗe folda ta sauya suna, kuma shafin sarrafa haya irin cPanel yana da wurin ɗora fayil da ke buɗewa a burauzar waya. Kana iya dunƙule folda ta zama zip, ka ɗora, ka warware ta a can da tsarinta yadda yake. Ya fi wahala a ƙaramin allo, ban musa ba. Sai dai mai waya ya fi kowa bukatar tsari, domin waya ce ake sacewa a kasuwa, ita ce ke faɗawa ruwa.

Wani zai ce, ni WordPress nake amfani da shi, shi yake tsara komai. Rabin gaskiya ne. WordPress yana ajiye hotunanka a wp-content/uploads, yana raba su shekara da wata. Amma rubutunka ba ya cikin kowace folda, yana cikin rumbun bayanai ne dabam. Wanda ya kwafe foldodi kawai ya ɗauka ya tsira, ranar da abu ya faru zai tarar yana da hotuna babu labari ko ɗaya. Mai WordPress yana bukatar abu biyu: kwafin foldar wp-content, da kwafin rubutun da ake fitarwa daga cikin kayan aikin shafin. Masu Wattpad da Facebook da Blogger kuwa ba a ba ku mabuɗin folda ba sam, don haka foldar gida ita ce kaɗai abin da kuka mallaka. Ku rubuta a gida, ku adana, sannan ku manna a can.

Wani kuma zai ce, ni marubuci ne, wannan aikin yaron da ya buɗe min shafin ne. To, ranar da yaron ya tafi hidimar ƙasa ko ya sauya lamba fa? Ba sai ka iya gina shafi ba. Amma ka karɓi kalmar sirri, ka karɓi cikakken kwafin folda, ka san abin da ke cikin kowane ɗaki. Marubutan da suka gabace mu sun san inda rubutun hannunsu yake, sun san wanda ke riƙe da faranti a maɗaba'a. Wannan shi ne namu a yau.

Abu ɗaya ya rage. Foldar gida da ta sabar kwafi biyu ne, amma tagwaye ne, kuskuren da ya shiga ɗaya yakan bi ɗayar. Idan ka goge sakin layi bisa kuskure ka ɗora, ya tafi a duka biyun. Saboda haka a ƙarshen kowane wata ka dunƙule babbar foldar gaba ɗaya, shafi da aiki, ka sa mata kwanan wata, ka ajiye a filashi ko Google Drive, kada ka taɓa ta. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke kira uku, biyu, ɗaya: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam da inda kake. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗewa.

Aikin wannan mako ba rubutu ba ne. Kowa ya ware awa ɗaya, ya tattaro babukan littafinsa guda ɗaya daga duk inda suka warwatse, ya zuba su a folda ɗaya, ya sa musu lamba. Mai shafi ya buɗe sabar ya kwatanta da abin da ke hannunsa. Ina da yaƙinin wasu za su tarar da babin da ba shi da kwafi a ko'ina sai wuri ɗaya. Wanda ya tarar da haka ya faɗa mana, wanda ya maƙale kuma ya yi tambaya, akwai masu sani a cikinmu da za su taimaka.

Allah ya tsare mana abin da muka rubuta, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.